Karatu: Tarihin Kalmar da Sauyin Ma'anarta a Ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

A cikin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen zancen neman sani, babu wadda ta kai *karatu* yawan fita daga baki. Yaron da ya rungumi allo ya nufi tsangaya, karatu za shi. Dattijon da ya gurfana a zaure gaban malaminsa da Risala a hannu, karatu yake ɗauka. Yarinyar da ta sami gurbi a jami'a, an ce ta tafi karatu. Wanda ya buɗe jarida yana bin ta da ido, bakinsa a rufe, shi ma karatu yake yi. Ayyuka huɗu ke nan da suka sha bamban, amma kalma ɗaya ta ɗauke su duka, alhali harsuna da yawa sukan ware wa kowane aiki kalmarsa.

Abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa shi ne hanyar da kalmar ta biyo ta shigo Hausa, da ma'anar da ta fara zama da ita, da yadda ma'anar ta yi ta sauyawa har aka kai ga halin da ake ciki yau, inda za a dubi mutumin da ya haddace Alƙur'ani, ya kuma rubuta shi da ka, a ce wai "bai yi karatu ba". Wannan magana ita ta sa binciken ya wuce sha'awar masu nazarin harshe kaɗai, domin da ita ake auna mutane, da ita kuma ake tsara manufofin ilmi.

2. Asalin kalmar

Babu saɓani a kan cewa tushen *karatu* na can nesa Larabci ne. Saiwar nan mai baƙaƙe uku, watau ƙaf da ra da hamza, ita ta haifi aikatau na Larabci mai ma'anar karantawa, ita kuma ta haifi sunan Alƙur'ani kansa. Saɓanin yana kan hanyar da kalmar ta biyo. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakanin malamanmu shi ne kai tsaye aka aro ta daga *ƙira'atu*, Bahaushe ya riƙe ta'in ƙarshe da wasalinsa, kamar yadda ya yi a sunaye irin su A'ishatu da Salamatu da Rabi'atu. Wannan ra'ayi yana da kamar hujja, amma akwai abubuwan da bai warware ba.

A shekarar 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya buga wata maƙala a kan tasirin Barebari a kan Hausawa, inda ya kawo ra'ayin cewa *karatu* da *rubutu* tagwaye ne, kuma ta Barbarci suka shigo Hausa tare. A Barbarci ana cewa *kəra* ga karatu, *ruwo* ga rubutu, kuma harshen yana da ɗafa-ƙeyar *-tə* da yake gina sunan aiki da ita. Idan aka ɗafa ta ga waɗannan kalmomi biyu, sai a sami siffofin da suka yi kusa ainun da namu. Ƙarfin wannan hujja yana ga kalmar *rubutu*, domin ita ba ta da uwa a Larabci. Saiwar rubutu ta Larabci, kaf da ta da ba, *littafi* ta ba mu, ba ta ba mu *rubutu* ba. To, tun da *rubutu* ta zo da *-tu* ɗinta daga gabas, ya fi kusa da hankali a ce *-tu* ɗin *karatu* ma daga can take. Daɗin daɗawa, kalmomin biyu ƙirarsu ɗaya ce: gaɓa uku, ta farko gajera, biyun ƙarshe dogaye, karin sautinsu kuma ƙasa-ƙasa-sama.

Akwai wata shaida a cikin Hausar kanta. Kalmar *ƙira'a* tana nan da ranta, tana nufin rera karatun Alƙur'ani da kyakkyawar murya bisa ƙa'ida. Ita wannan ta riƙe *ƙ*, ta riƙe wasalin *i*, ta riƙe hamza, kamar yadda *alƙali* da *alƙalami* suka riƙe *ƙ* ɗinsu. *Karatu* kuwa ta zubar da duka ukun, irin zubarwar kalmar da ta yada zango a wani harshe kafin ta iso, kuma Barbarci ba shi da *ƙ*. Sai dai wannan shaida ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, domin akwai tsofaffin kalmomin aro irin su *kabari* da suka zo da *k* a gurbin ƙaf. Idan aka haɗa ta da ta *rubutu* ne take yin nauyi.

Tarihi bai ƙaryata wannan ra'ayi ba. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Humme, kuma a ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, har masauki aka tanadar wa ɗaliban Kanem a Alƙahira. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya sa zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Ke nan maƙwabtanmu na gabas sun daɗe da alƙalami a hannu kafin fadar Kano ta karɓe shi. Kalmomin *tsangaya* da *gwani* daga wurinsu suka zo, haka ma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Har kwanan nan, idan aka ce almajiri "ya tafi gabas", kowa ya san Barno ake nufi, kuma Alƙur'ani ya tafi nema.

Su ma Wangarawa suna da tasu kalmar daga wannan saiwa, domin a harsunan Mande ana cewa *karan* ko *kalan* ga karatu, *karamoko* ga malami. Amma tasu ba ta da *-tu*, ba ta kuma da abokiyar tafiya irin *rubutu*. Saboda haka za mu iya cewa ilmin Musulunci ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Masu rubuta tarihin fada sun adana labarin ƙofar yamma, harshe kuma ya adana labarin ƙofar gabas.

3. Yadda Hausa ta mallaki kalmar

A bisa al'ada, aikatau ne yake haifar da sunan aiki: *dafa* ta haifi *dahuwa*, *gina* ta haifi *gini*. A nan kuwa abin ya juya. Suna ne ya fara shigowa, daga baya Bahaushe ya ƙera masa aikatau da ɗafa-ƙeyar *-nta*, wadda ake gani a *sabunta* da *fuskanta* da *Musulunta*. Da *karanta* ta samu, sai ta shiga duk gidajen da aikatau na asali yake shiga: ya karanta wasiƙa, ya karanci fiƙihu, ya karance littafin, ya karanto labari, rubutun ya karantu, malam ya karantar da yara. Daga nan aka sami *makaranci* da *karance-karance*, aka kuma sami *makaranta*.

Kalmar *makaranta* ta cancanci a tsaya a kanta. Bahaushe ya ari *malam* da *almajiri* da *allo* da *tawada* da *darasi*, duka daga tushen Larabci, amma bai ɗauki *madarasa* ya mai da ita sunan yau da kullum ba. Sai ya gina nasa sunan wuri a kan ƙirar *masaƙa* da *majema* da *mahauta*, kamar dai yana lissafa karatu cikin sana'o'in gari. Kalmar ta kuma bi fatake da malamai ta fita waje. A Gana, alal misali, *makaranta* ita ce sunan da aka san makarantar Alƙur'ani da shi, har a bakin waɗanda Hausa ba harshensu ba ne.

4. Ma'anar farko: murya da allo

Karatu a ma'anarsa ta farko aikin baki ne da kunne. Yaro yakan fara da haddar gajerun surori tun bai san baƙi ba, malam yana biya masa yana maimaitawa. Daga nan ya shiga babbaƙu, inda ake koya masa haruffa da sunayen da Hausa ta raɗa musu, irin su alu da ambaki da ha-ƙarami da ha-babba. Sai farfaru, watau wasulla, sai haɗa baƙi, har ya kai ga rubuta allonsa da kansa. Idan ya riƙe abin da ke kan allon, malam ya ba shi izinin wankewa a yi masa ƙari. Mai niyyar hadda kuma yana da tilawa da tishi da satu a gabansa, kuma sunansa yana sauyawa da matsayinsa, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har in Allah ya nufa ya zama alaramma ko gwani. A duk wannan tafiya babu matakin da ake yi shiru. Makarantar da ba a jiyo ta daga nesa, ba a karatu a cikinta.

Aikatau ɗin da ke rakiyar kalmar suna nuna yadda mutanen da suka ɗauke ta. Ana *ɗora* wa yaro karatu, yana *ɗauka*, yana *riƙewa*, in ya yi sakaci ya *zube*, in ya kai ƙarshe ya *sauke*. Waɗannan duka kalmomin dako ne. Karatu a wurinsu kaya ne mai nauyi da ake karɓa daga hannun wani, a ɗauke shi a ka, a kai shi masauki, shi ya sa bikin kammalawa ya zama *sauka*, ake kuma yi wa mai saukar allon zayyana. Haka nan ana *neman* karatu, ana *tafiya* karatu, kuma sunan mai nemansa, *almajiri*, daga kalmar Larabci mai nufin wanda ya yi hijira ya fito. Wanda bai bar gida ba, a ganin mutanen da, da wuya karatu ya zauna masa.

A wannan zamani *karatu* da *ilmi* ba abu ɗaya ba ne. Idan gardi ya ce karatu, Alƙur'ani yake nufi. Littattafan fiƙihu da nahawu da tauhidi kuwa *ilmi* ne ko *sani*, kuma makarantarsu dabam, watau makarantar ilmi ko ta zaure. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na harshen Larabci, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai shi ne Alƙur'ani da littattafan shari'a da hadisi. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka Kano. Zuwa ƙarni na 17 Katsina ta fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda suka wallafa nasu littattafan. A irin waɗannan zaurukan ne jerin littattafan da aka sani ya kafu: a fara da Ƙawa'idi da Ahlari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a kai ga Askari da Muhtasar, ana haɗawa da Ajurumiya da Ishiriniya da tafsirin Jalalaini.

Duk da wannan bambanci, zaure ma da kalmar *karatu* yake aiki, domin hanyarsa ita ma ta murya ce. Almajiri yana jan baƙi, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa da Hausa, sauran suna saurare har layi ya zo kansu. Ba a cewa mutum ya san Muhtasar kurum, sai a ce ya karance shi a wurin wane. Littafin *Ida'un Nusukhi* na Abdullahi ɗan Fodiyo shaida ne a kan haka, domin a cikinsa ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Ma'aunin karatu a lokacin shi ne littafi da malami, kuma shaidarsa ita ce ijaza.

A gefe guda akwai *koyo*, wadda Hausa ba ta aro ta daga kowa ba. Ƙira da saƙa da jima da rini da dukanci duka koyonsu ake yi, ta hanyar kallo da kwaikwayo a gaban uba ko ubangida, kuma mai yi ɗan koyo ne. Ba a taɓa cewa yaro ya tafi karatun ƙira ba. Iyakar da ke tsakanin kalmomin biyu a fili take: abin da ke da nassi a rubuce karatu ne, abin da ke hannu da ido koyo ne.

5. Zamanin jihadi

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta daga 1804 bai sauya ma'anar kalmar ba, amma ya faɗaɗa da'irar masu ita da harshen da ake yin ta da shi. Shehu da almajiransa sun yi wa talakawa wa'azi da Fulatanci da Hausa, sun kuma zuba ilmin da ke cikin littattafan Larabci a cikin waƙoƙin ajami don wanda bai je zaure ba ya samu. A cikin *Nurul Albabi* Shehu ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke zuwa wurinta su ɗauki waƙoƙin koyarwa su koma ƙauyuka su biya wa mata. Ta haka rubutun Hausa ya shiga cikin abin da ake karantawa, matar ƙauye kuma ta shiga cikin masu ɗaukar karatu, ko da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, duk wanda aka ce ya yi karatu, to, haruffan Larabci ya sani, kuma don addini ya fara neman su.

6. Zuwan boko

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka tarar da ƙasa cike da makarantu. Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 25,000. Duk da haka gwamnatinsu ta zaɓi haruffan Rumawa don aikin mulki, ta bar ajami. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da sababbin haruffan. Kwalejin Katsina ta biyo baya, aka yi bikin buɗe ta a 1922.

A nan ne harshe ya fuskanci tambaya: me za a kira wannan sabon abu? Yana da malami da ɗalibai da rubutu, saboda haka ya fi kama da karatu a kan koyo. Amma ba shi da Alƙur'ani, kuma masu mulkin mallaka ne suka kawo shi. Mafitar da jama'a suka samu ita ce su ba shi sunan su kuma ɗaura masa alama, suka ce *karatun boko*.

An daɗe ana cewa *boko* daga kalmar Ingilishi *book* ta fito, har maganar ta shiga littattafai. A 2013 Paul Newman ya rubuta maƙala ya rushe wannan zato. Ta fuskar sauti, wasalin da ke cikin kalmar Ingilishin *u* yake komawa a Hausa, kamar yadda ake gani a *kuku*, mai dafa wa Bature abinci, ba ya komawa dogon *o*. Ta fuskar ma'ana kuma, Hausa tana da *boko* tun kafin zuwan Turawa, da nufin algus ko yaudara ko abin da aka yi don rufe ido, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni. Har yanzu muna cewa *biri-boko*, kuma a bikin aure an san *amaryar boko*, wadda ake fitarwa a madadin ta gaskiya. Ke nan *karatun boko* hukunci ne kakanninmu suka yanke: karatu ne na jabu, mai kama da na gaskiya. Wannan ya dace da labaran da ake bayarwa na yadda wasu masu sarauta, da aka matsa musu su ba da 'ya'yansu, suka tura 'ya'yan bayi da na barori. Muhimmancin gyaran Newman ya fito fili bayan 2009, lokacin da laƙabin da jama'a suka raɗa wa ƙungiyar nan ta Maiduguri ya sa kalmar ta zagaya duniya, 'yan jarida suna ta maimaita tsohon kuskuren.

Abin lura shi ne, a farkon ƙarni na 20 *karatu* tsurarta ta allo ce, boko ne yake bukatar a bayyana shi. Cikin shekaru kamar hamsin sai ma'auni ya juya. Hukumar Fassara da aka kafa a ƙarshen shekarun 1920, wadda Rupert East ya shugabanta a Zariya, ta shirya gasar 1933 da ta haifar da *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar*. A watan Janairu na 1939 *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Da waɗannan aka sami wani irin karatu da ba a saba da shi ba, watau na mutum shi kaɗai, da ido, ba malami, ba hadda, wani lokaci ma don nishaɗi kawai. Littattafan firamare irin su *Ka Koyi Karatu* da *Ka Ƙara Karatu* sun ɗauki kalmar tsurarta suka sa wa boko, ba tare da wata alama ba. A sunan na farkon ma an ga *koyo* da *karatu* sun haɗu a jimla ɗaya, karatu ya zama fasahar gane haruffa da ake koya kamar kowace sana'a.

Sai kuma Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. Manufarsa kyakkyawa ce, kuma dubban manya sun amfana da shi, amma sunansa ya bar tabo a harshe. *Jahili* a da shi ne wanda bai san farillan addininsa ba. Daga wannan lokaci sai kalmar ta fara hawa kan wanda bai iya boko ba, ko da kuwa shi ke limanci a unguwarsu. Da aiki da albashi da muƙami suka rataya a kan takardar shaida, musamman bayan shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976, juyin ya kammala. Yanzu tsohon karatun ne yake bukatar alama, ana cewa *karatun allo*, *karatun addini*, *karatun Muhammadiyya*. A Nijar abin bai kai haka tsanani ba a bakin jama'a, domin aron *lakwal* daga Faransanci ya ɗauke wa *makaranta* wani ɓangare na nauyin.

7. Kalmar a bakin mutane yau

Tsofaffin ma'anonin ba su mutu ba, sababbin ne suka hau kansu. Wanda ya ce za shi wurin karatu bayan magariba, majalisin malami yake nufi. Wanda ya ce ɗansa ya tafi ƙaro karatu, digiri yake nufi. Harshen hukuma ya ƙera *zangon karatu* da *shekarar karatu* da *tallafin karatu* da *ɗakin karatu*. Tsohuwar iyakar da ke tsakanin karatu da koyo ita ma ta motsa, domin yau ana cewa wane ya karanci aikin gona ko aikin injiniya, amma makanikin da ke bakin titi har yanzu koyo ya yi, ko da ya fi mai takardar sanin injin. Abin da ke raba su yanzu shi ne aji da takardar shaida.

Siffofin aikatau ma sun raba aiki a tsakaninsu. *Ya karanta tarihi* na nufin ya bi wani rubutu, *ya karanci tarihi* kuwa na nufin fannin ya ƙware a kai. Daga wannan ta biyun aka sami ma'anar lura da hali, kamar a ce "na karanci take-takensa". Zaurance na yau da kullum kuma yana cike da hotunan makarantar allo. Idan aka yi wa mutum hannunka-mai-sanda ya fahimta, sai a ce ya gane karatun. Idan yaro ya zo da maganar da ta fi ƙarfinsa, sai a tambaya wa ya biya masa wannan karatu. Idan ana son mutane su sake tunani, sai a ce su yi karatun ta-natsu. Karin maganar nan da ke cewa karatu farkonsa maɗaci ƙarshensa zuma, a tsangaya aka haife ta, amma yau malamin sakandare ma da ita yake lallashin ɗalibansa.

8. Kammalawa

Wannan tarihi yana da darasi ga ɓangarori biyu. Na farko su ne malaman Hausa da masu ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi. Tun da *karatu* tana ɗauke da rerawa da gane haruffa da nazari da zaman makaranta gaba ɗaya, mai rubuta manhaja yana bukatar ya tantance wanne yake nufi. Harshen bai rasa kayan aiki ba: akwai *tilawa* da *ƙira'a* ga rerawa, *hadda* ga riƙewa da ka, *nazari* da *muɗala'a* da *bita* ga duba littafi, *fahimta* ga gane ma'ana. Rashin wannan tantancewa yana da illa a aji. Yaron da ya taso da cewa karatu shi ne maimaita abin da malam ya biya, zai iya rera shafi guda na littafin firamare ba tare da ya gane harafi ɗaya ba, shi da iyayensa kuma su tabbata ya yi karatu, domin a tsohuwar ma'anar ya yi ɗin.

Na biyu su ne masu tsara manufofi. A ƙididdigar hukuma, yaron da ke tsangaya kaɗai ana lissafa shi cikin "yaran da ba sa zuwa makaranta", kuma hukumar tarayya da aka kafa da doka a 2023 ta haɗa almajirai da waɗannan yara a cikin sunanta. Matsalolin bara da rashin kulawa da rashin sana'a gaskiya ne, ba mai musunsu. Amma idan aka fassara wannan jimla ga uban da ɗansa yake kwana yake tashi a makaranta, abin da zai ji shi ne an ce makarantarsa ba makaranta ba ce, kuma daga nan an rasa kunnensa. Irin wannan ne ya faru a 2007, da aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira, aka manta da ɗimbin mutanen da shi kaɗai ne rubutun da suke iya karantawa a jikin kuɗin.

Kakanninmu sun kira sabon karatu na jabu, jikokinsu kuma suna neman su cire tsohon daga sunan karatu ɗungum, kuma kowane ɓangare ya yi hukunci ne da rabin ma'anar kalmar. Ga masu bincike, aikin da ya rage shi ne a bi takardun ajami na ƙarni na 19, da ƙamusoshin Schön da Robinson da Bargery da Abraham, da shafukan *Gaskiya Ta Fi Kwabo* na farko, a tattara yadda aka yi amfani da kalmar shekara bayan shekara, don a gane daidai lokacin da "ya yi karatu" ta tashi daga allo ta koma aji.